Google Scholar: gwani ne wajen nemo maƙala, amma kada a ba shi alƙalancin malamai

Jami'o'i da yawa kan fitar da rahoto a ƙarshen shekarar karatu: wane ya buga littafi, wance ta samu tallafin bincike, wancan an sa wasansa a dandamali, wannan kuma wata ƙungiyar masana ta karrama shi. Mai karatu yana ganin rahoton tsaf, da hotuna da komai, ba ya tambayar wa ya tattaro shi. A tsangayarmu ni ce mai tattarowa, saboda ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, kuma a wajen mutane duk abin da ya shafi takarda namu ne. Kayan aikin da na fi jingina da shi a wannan hidima shi ne Google Scholar, shafin intanet na neman rubuce-rubucen ilimi, shi kuma zan yi wa bita a nan. Tun da wuri in faɗi inda na tsaya: wajen nemo abin da aka rubuta ban ga kamarsa ba, wajen auna malami kuwa bai kamata a sakar masa wuƙa da nama ba.

Injiniyoyi biyu na kamfanin Google, Anurag Acharya da Alex Verstak, su suka ƙirƙiro shi, aka buɗe shi a watan Nuwamba na 2004, kuma har yau kyauta ne. Kafin zuwansa, mai son sanin wa ya ambaci aikin wa a rubutun bincikensa sai ya bi ta kundin da Eugene Garfield ya fara fitarwa a 1964, wanda ya rikiɗe ya zama Web of Science. A shekarar 2004 ɗin kamfanin Elsevier ma ya fito da Scopus. Waɗannan biyun sai jami'a ta biya kuɗin rajista, kuma zaɓen mujallu suke yi: wadda suka amince da ita ta shiga, wadda ba su amince ba tana waje. Google Scholar ba ya zaɓe irin wannan. Manhajarsa na yawo a shafukan mujallu da na jami'o'i da rumbunan adana bincike, duk abin da ya yi mata kama da rubutun ilimi ta kwaso. Kamfanin bai taɓa fitar da jerin inda yake kwasowa ba, bai kuma faɗi yawan abin da ya tara ba, amma wani mai bincike, Michael Gusenbauer, ya ƙiyasta cewa a 2018 akwai bayanai kusan miliyan 389 a ciki. Wani nazari da Alberto Martín-Martín da abokan aikinsa suka fitar a wannan shekarar ya nuna yana ɗauke da kashi 95 cikin 100 na ambaton da ke Web of Science da kashi 92 na wanda ke Scopus, sannan da ƙari mai yawa da su ba su da shi, musamman daga kundayen digiri da littattafai da rubuce-rubucen da ba da Ingilishi aka yi su ba.

Alherinsa da sharrinsa duk daga wannan buɗaɗɗiyar ƙofa suka fito.

Alherin a bayyane yake. Malami ya ce maka ya buga maƙala bara amma ya manta lambar fitowar mujallar, sai ka sa kalmomi huɗu ko biyar na taken, ga ta nan. A ƙarƙashin kowane sakamako akwai ɗan layi da ke nuna mutum nawa suka ambaci aikin. Ka latsa shi, sai ka ga su wane ne, ka bi sawun muhawara daga inda ta taso har inda ta tsaya yau. Akwai wani layin da ke tara duk kwafin maƙala guda da aka samu a wurare daban-daban, kuma sau da yawa a cikinsu ne ake dacewa da wanda marubucin ya ajiye kyauta a rumbun jami'arsa, alhali mujallar ta kulle nata sai an biya. Ga ɗalibin da jami'arsa ba ta da rajista da manyan mawallafa, wannan layin kaɗai ya isa a gode. Sai maɓallin da ke tsara maka manazarta a salon APA ko MLA ko Chicago ko Harvard ko Vancouver. Yana rage wahala, sai dai a riƙa dubawa, domin abin da ya tsinta shi yake jerawa; in sunan mujalla ya zo masa a guntule, a guntulen zai miƙo maka.

Abin da ya fi shafar aikina shi ne shafin malami, wanda aka buɗe wa kowa a 2011. Mutum zai yi rajista, ya tabbatar da adireshin imel na jami'arsa, ya zaɓi ayyukan da suke nasa. Shafin yakan jera su daga wanda aka fi ambata zuwa ƙasa, amma ni abin da nake fara yi shi ne in latsa kan shekara, jerin ya juya, sababbi su hau sama. Cikin ɗan lokaci na ga abin da mutum ya fitar bana. Akwai kuma maɓallin bibiya: ka sa imel ɗinka, duk sanda malamin ya fitar da sabon aiki saƙo ya iso maka. Na bibiyi duk malamanmu masu shafi, don haka rabin rahoton yana taruwa a akwatin saƙona tun kafin a tambaye ni shi. Wanda ya taɓa bin ofis-ofis yana roƙon farfesoshi su cike takarda ya san darajar wannan.

A gefen dama na shafin ne rigimar take. Akwai ɗan akwati mai layi uku: jimillar ambato, ma'aunin h, da ma'aunin i10, kowanne da alƙaluma biyu, na tsawon rayuwa da na shekaru biyar na baya-bayan nan. Ma'aunin i10 na Google ne, kuma yawan ayyukan da aka ambata aƙalla sau 10 kawai yake ƙirgawa. Ma'aunin h kuwa wani masanin kimiyyar fiziks na Jami'ar California a San Diego, Jorge Hirsch, ya kawo shi a 2005. In aka ce naka 12 ne, kana da ayyuka 12 da aka ambaci kowannensu aƙalla sau 12. Dabara ce mai kyau, domin maƙala ɗaya da ta yi tashe ba za ta ɗaga ka ba, tarin maƙalun da ba wanda ya waiwaya ma ba za su ɗaga ka ba. Amma shi Hirsch ɗin, a cikin takardar da ya gabatar da ma'aunin, ya ja kunne cewa lamba guda ba za ta taɓa ba da fiye da kintace ba game da aikin mutum. Lambar ta yaɗu, jan kunnen aka bar shi a baya.

Dubi yadda fannoni suka bambanta. A 2015 an buga wata maƙala a mujallar Physical Review Letters mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154, daga manyan gwaje-gwaje biyu na CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai. Duk wanda ya ambace ta, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan zai iya samun cikakken maki a shafinsa. Masanin tarihi kuwa ya shekara bakwai shi kaɗai yana tonon takardun adana, ya fito da littafi guda, kuma masu ambatonsa a littattafai za su yi, waɗanda su ma sai bayan shekaru za su fito. In ka jera su biyun a tebur ɗaya ka ce lamba ta raba gardama, ka riga ka yanke hukunci tun kafin ka duba. Ko a cikin kimiyya ma abin ba daidai yake tafiya ba. Lokacin da mujallar Nature ta lissafa maƙalun da aka fi ambata a 2014, ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 a kan hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000. Hanyar aiki ce da dubban ɗakunan gwaji ke bi, shi ya sa. Peter Higgs kuwa, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2013, ya shaida wa jaridar Guardian a shekarar cewa a tsarin yanzu da wuya a ɗauke shi aiki a jami'a, saboda za a ga ba ya fitar da takardu da yawa.

Lambar kuma ba ta san dalilin ambato ba. Wanda ya yaba maka da wanda ya yi kaca-kaca da hujjarka maki ɗaya suke ba ka. Takardar nan ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta ɗora wa wata allurar rigakafin yara laifin da ba nata ba, an janye ta a 2010, amma ana ta ambatonta har yanzu, yawanci don a nuna ɓarnar da ta yi.

Duk wannan maganar masu rubuta maƙala ce. Akwai malaman da aikinsu ma ba ya shiga ragar ko kaɗan, kuma su ne suka sa na zauna rubuta wannan bita. Wata shekara wani kwamiti ya aiko da takardar cikewa mai gurbi uku kacal: yawan maƙalu, jimillar ambato, ma'aunin h. Wani dattijon malami na sashen wasan kwaikwayo ya shigo ofishina da jakar takardu a hammata, ya ajiye ta a kan tebur, ya fara fito da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Rubutun wasan da ya tsara, gefen kowane shafi cike da gyaran fensir. Zanen dandamali da inda kowace fitila za ta tsaya. Ɗan littafin shirin da aka raba wa 'yan kallo, sunayen ɗalibansa a jere a bayansa. Sharhin da wata jarida ta yi, an yanko shi da almakashi an manna a farar takarda. Sai ƙaramin filashi mai ɗauke da bidiyon wasan. Ya ce, "Malama, a wane gurbi zan sa wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu gurbinsa."

Ya tattara kayansa a natse, ya ce to a rubuta masa sifili, ya fita.

Laifin na masu tsara takardar ne. Google Scholar bai taɓa cewa yana ƙirga wasan dandamali ba. An gina shi ne don rubutu mai take a sama, sunayen marubuta a ƙasansa, da manazarta a ƙarshe, kuma ƙa'idojin da ya wallafa wa masu shafuka haka suka faɗa. Diwanin waƙoƙi, baje kolin zane, kiɗan da aka tsara, fim, ginin da malamin zanen gine-gine ya fitar, fassarar da aka shekara ana yi, duk ba su da wannan siffa. Mutum na iya shigar da su da hannu a shafinsa, amma za su zauna a ƙasan jeri babu lamba a gabansu, domin 'yan kallo ba sa rubuta manazarta. Ko labarin ƙirƙira da aka yi nazarinsa sosai, ambaton da zai samu na masu sharhi ne, ba na masu karatu ba. Abdulrazak Gurnah farfesa ne a Jami'ar Kent kafin ya yi ritaya, kuma kyautar Nobel da ya samu a 2021 a kan littattafansa na ƙirƙira aka ba shi. Da irin takardar can mai gurbi uku aka miƙa masa, abin da duniya ta karrama shi a kai ba zai samu wurin zama ba.

Akwai tsare-tsaren da suka gane haka. Tsarin tantance bincike na jami'o'in Birtaniya yana karɓar wasanni da baje koli da kiɗa da zane a matsayin aikin bincike, kuma masana fannin ne ke zama su duba. Sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012 ta nemi a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin kansa. Ƙa'idojin Leiden na 2015 sun buɗe da cewa alƙaluma su tallafa wa hukuncin masana, kada su maye gurbinsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idon wanda ya san fannin shi ne abin da kwamitoci ke gudu, saboda karanta aiki yana cin lokaci, kwafo lamba kuwa minti ɗaya ne.

Sai batun maguɗi, wanda a nan buɗaɗɗiyar ƙofar ta zama rauni na gaske. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta haɗa masa takardun shirme kusan 100 masu ambaton juna, ya ɗora su a intanet. Ma'aunin h na wannan mutum da bai taɓa wanzuwa ba ya kai 94, ya sha gaban Einstein. Za a ce ai da daɗewa. To a 2024 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Northwestern, Reese Richardson, ya maimaita irinsa da sunan wata kyanwa, Larry: takardun lissafi 12 na bogi, da wasu da ke ambatonsu, aka ɗora a ResearchGate, shafin da masu bincike ke ɗora ayyukansu. Kyanwar ta samu ambato sama da 130, kuma sai bayan kusan mako guda da fallasa abin aka goge. A wannan shekarar ma wasu masu bincike a Jami'ar New York ta Abu Dhabi suka nuna sun sayi ambato 50 a kan dala 300. Duk waɗannan don faɗakarwa aka yi su, masu yin su ne suka tona kansu. Waɗanda suke yi don ƙarin girma ba sa sanarwa.

Don haka duk sanda na ga shafin da lambarsa ta yi tsalle a shekara ɗaya, nakan latsa in ga su wa ke ambaton. In takardu kaɗan ne, kowace tana ambaton mutumin sau da yawa, a mujallun da ba a san su ba ko a rumbun da ba a tantance komai, to an san inda aka dosa. Kyawun abin shi ne Google Scholar ba ya ɓoye wannan. Jerin yana nan ga duk mai son dubawa. Masu dubawar ne ba su da yawa.

Matsalar suna ta fi maguɗi yawa, kuma ba ta buƙatar mugun nufi. Shafin yana da zaɓi biyu: ko ya riƙa ƙara sababbin ayyuka da kansa, ko ya aiko maka ka amince tukuna. Mai sunan da mutane da yawa ke da irinsa, in ya bar na farkon, ayyukan takwarorinsa na iya shigowa, har a ga masanin harshe da maƙala a kan ciwon ƙoda. Wanda kuma ake rubuta sunansa ta hanyoyi uku, ko macen da ta canza suna bayan aure, ko mai suna da haruffan da ba kowace mujalla ke iya bugawa ba, aikinsa kan warwatse. Shawarata ga kowa ita ce zaɓi na biyu, sannan a riƙa shiga ana haɗe kwafi biyu na aiki ɗaya da maɓallin da aka tanada don haka. Ba kuma a iya ganin fiye da sakamako 1,000 a bincike guda, babu kuma wata hanya ta hukuma da za a sauke bayanan tsangaya gaba ɗaya. Masu irin aikina kan nemi taimakon manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing, wadda ke nan tun 2006.

Abin da nake haɗawa da shi don cike giɓin shi ne ORCID, wata ƙungiya da ba ta neman riba, wadda ta fara ba da lambobi a watan Oktoba na 2012. Kowane mai bincike yana samun lamba mai alƙaluma 16, kyauta, kuma tana bin sa ko ya canza suna ko ya canza jami'a. ORCID ba ta ƙirga ambato, ba ta ba kowa maki, kuma a jerin nau'o'in aikin da take karɓa akwai wasan fasaha da fassara da manhaja da ƙirƙira da tarin bayanai. Shafinta ba shi da armashi, ba wanda zai buɗe shi don nishaɗi, amma a nan malamin wasan kwaikwayo yake da gurbi. Ga bidiyo ko sauti ko hotunan baje koli kuma akwai Zenodo, rumbun da CERN ke kula da shi tun 2013, wanda ke ba kowane abu da aka ajiye lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin a intanet, ta yadda mai son ambatonsa zai samu abin kamawa. Takardar da nake aika wa malamai yanzu tana neman adireshin shafukan biyu, na Google Scholar da na ORCID, da wani fili a ƙasa inda mutum zai rubuta da kalmominsa aiki ɗaya da ya fi alfahari da shi bana da dalilinsa. Wannan filin ne shugaban tsangaya ke fara karantawa, na lura.

Wa zan ba shawarar ya yi amfani da Google Scholar? Ɗalibi mai haɗa bitar ayyukan da suka gabata, ba tare da wata-wata ba, in dai zai tuna cewa fitowar abu a can ba shaidar an tantance shi ba ce. Malami, ya buɗe shafi ko da ba ya son lambar, domin in bai buɗe ba masu nemansa za su ga rabin aikinsa ne a warwatse. Kwamitin ƙarin girma, ya yi amfani da shi ya nemo ayyukan, sannan ya rufe shafin ya karanta su.

Ga mai son aikinsa ya fito a can, ƙa'idojin da aka wallafa sun ce fayil ɗin PDF kada ya wuce megabait 5, kuma ya kasance rubutu ne da na'ura ke iya karantawa, ba hoton shafi ba. Wanda ya fi haka girma Google Books ake nuna masa. Sabon aiki bai cika daɗewa ba yake bayyana, amma gyaran wanda ya riga ya shiga, kamar sunan da aka rubuta ba daidai ba, yakan ɗauki wata 6 zuwa 9 bayan mujallar ta gyara a shafinta. Wanda ke shirin miƙa takardunsa baɗi, bana ya kamata ya rubuta wa editan.